Awon Maganaɗisun Duniyoyi da Na'ura Mai Girman Zobe

Na'urar auna maganaɗisu, wadda masana ke kira magnetomita, tana cikin kayan aiki mafiya ƙanƙanta da kumbo ke ɗauka idan za a harba shi zuwa wata duniya. Ɓangarenta da ke jin maganaɗisun, wanda za a iya kiransa kunnen na'urar, yawanci bai wuce a damƙe shi a tafin hannu ba, kuma wutar da take ci ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba. Duk da haka, da ita aka gano cewa duniyar Mercury tana da maganaɗisu nata na kanta, da ita kuma aka samu hujja mafi ƙarfi cewa akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter. Kyamara tana ɗaukar hoton fatar duniya ne kawai. Wannan na'ura kuwa labarin abin da ke cikin cikinta take kawowa.

Dalilin haka yana cikin asalin maganaɗisun. A duniyarmu, idan aka nutsa kimanin kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙasa, za a tarar da narkakken ƙarfe yana juyawa yana tafasa. Motsinsa yana haifar da lantarki, lantarkin kuma yana haifar da maganaɗisun da ya lulluɓe duniya baki ɗaya, wanda ke juya allurar kamfas zuwa arewa. Saboda haka duk duniyar da aka same ta da maganaɗisu irin wannan, an san akwai wani ruwa mai ɗaukar lantarki da ke motsi a cikinta. Wadda ba ta da shi, kamar Venus, wato Zahra, rashin nasa ma bayani ne.

Girman abin da ake nema

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da ma'aunin da ake kira nanotesla. A doron ƙasa yana tsakanin nanotesla 25,000 da 65,000, ya fi rauni a yankunan tsakiyar duniya, ya fi ƙarfi wajen ƙuryar arewa da ta kudu. Ɗan mayen ƙarfen da ake maƙalawa a ƙofar firji ya ninka wannan kusan sau ɗari. A sararin da ke tsakanin duniyoyi, kusa da mu, abin da iskar rana ke ɗauke da shi yawanci kimanin nanotesla 5 ne, can nesa kuma inda kumbunan Voyager suka kai, bai cika ko nanotesla ɗaya ba. A ɗaya gefen, kumbon Juno ya auna fiye da nanotesla 700,000 a kusa da gajimaren Jupiter. Ke nan ana bukatar na'ura ɗaya da za ta ji raɗa, ta kuma jure tsawa ba tare da ta kurumce ba.

Kusan kowa yana yawo da magnetomita a aljihunsa. Ita ce ke cikin wayar hannu, ita manhajar neman alƙibla ke dogara da ita. Wanda ya taɓa neman alƙibla a cikin mota, ko kusa da ƙofar ƙarfe, ya ga yadda kibiyar ke rawa tana nuna inda ba nan ba, har sai ya fita fili ya juya wayar a iska kafin ta daidaita. Wannan ƙaramar matsala ita ce dai babbar matsalar injiniyoyin kumbo, sai dai su kuskuren da za su iya yafewa ya fi na waya ƙanƙanta sau dubbai.

Zobe da naɗin waya

Nau'in da aka fi harbawa sama shi ne wanda ake kira fulaksget. Wasu Jamusawa biyu, Hans Aschenbrenner da Georg Goubau, su suka ƙirƙiro shi a 1936. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Victor Vacquier ya inganta shi a Amurka domin jiragen sama su riƙa gano jiragen ruwa masu nutso. A watan Mayun 1958 Tarayyar Sobiyet ta ɗora shi a kan tauraron ɗan'adam Sputnik 3, kuma tun daga nan an yi ta ɗora irinsa a tafiye-tafiyen binciken duniyoyi da dama.

Zuciyarsa wani zobe ne, faɗinsa kamar santimita biyu da rabi, wanda aka yi da siririn fallen ƙarfe da aka naɗe. Ƙarfen gauraye ne na musamman mai saurin shan maganaɗisu da saurin sakinsa. Sai dai shan nasa yana da iyaka: kamar tulu ne, idan ya cika ya cika, ko an ƙara zuba ruwa ba zai karɓa ba. Ana naɗa wayar jan ƙarfe a jikin zoben, a tura mata lantarki mai kai da komo sau dubbai a daƙiƙa guda, ta yadda zoben zai cika ta wannan fuska, ya sauke, ya cika ta waccan. Idan babu wani maganaɗisu daga waje, ɓarin hagu da na dama na zoben tare suke cika, tasirinsu ya kashe juna. Da zarar maganaɗisun waje ya ratsa, sai ya tallafa wa ɓari ɗaya ya danne ɗayan, wannan ya riga wancan cika da ɗan ƙiris. Wata waya ta biyu da aka naɗe zoben duka da ita tana kama wannan saɓani a matsayin siginar lantarki, wadda ke bugawa ninki biyu na saurin lantarkin da aka tura.

Ba a tsayawa nan. Injiniyoyi suna ƙara naɗi na uku, su tura masa lantarki daidai gwargwadon da zai soke maganaɗisun waje, zoben ya koma kamar babu komai a kusa da shi. Yawan lantarkin da aka kashe wajen sokewar shi ne awon. Dabarar mai sikeli ce a kasuwa: ba ya ƙiyasta nauyin kaya da yadda hannun sikelin ya karkata, sai ya yi ta ƙara duwatsun awo har hannun ya tsaya cak, sannan ya ƙirga duwatsun. Da yake maganaɗisu yana da ƙarfi yana kuma da inda ya dosa, ana auna shi ta fuska uku, gaba, gefe da sama, a haɗa lissafin.

Ingancin na'urar duka yana rataye ne a kan wannan zobe, kuma a nan akwai labarin da ya cancanci a tsaya a kansa. Zobban da suka fi kowanne tsabtar ji an yi su ne da gaurayen da ke da nikel kashi 81 cikin ɗari, molibdenom kashi 6, sauran baƙin ƙarfe, bisa binciken da sojojin ruwan Amurka suka gudanar. Kamfanin Infinetics ya riƙa ƙera su har ya daina a 1996. Daga nan sai cibiyoyin bincike suka shiga cin tsohon ajiya, kowane kumbo da ya tashi ya rage adadin da ya saura a duniya. Sanin sinadaran bai isa a sake yin su ba, domin sirrin yana cikin gashi: zafin da za a kai ƙarfen, tsawon zamansa a wuta, da saurin da za a bar shi ya huce. Kowane maƙeri ya san cewa ƙarfe ɗaya yana iya fita da taushi ko tauri gwargwadon yadda aka shayar da shi. Sai da masu bincike irin su Barry Narod da David Miles suka shafe shekaru suna narka ƙarfe, suna murza shi, suna gasawa, kafin aka sake samun zobba masu kusantar na da. Abin takaici ne ƙwarai a ce fasahar da ta kai har Neptune ta kusa salwanta don kawai ba a adana yadda hannu ke yin ta ba.

Fulaksget yana da aibi ɗaya da ba ya rabuwa da shi: sifilinsa yana gocewa. A wurin da babu maganaɗisu sam, maimakon ya nuna sifili sai ya nuna ɗan wani abu, kuma wannan ɗan abin yana sauyawa da zafi, da sanyi, da tsufa. Shi ya sa manyan tafiye-tafiye kan haɗa shi da wani nau'i mai amfani da iskar hiliyom ko rubidiyom. Ana haska ƙwayoyin zarrar iskar da haske, su kuma suna amsawa da wani bugu wanda saurinsa ya dogara kacokan ga ƙarfin maganaɗisun da ke wurin. Wannan awo ba ya gocewa, domin ɗabi'ar ƙwayar zarra ba ta tsufa, amma a mafi yawan ƙirarsa ƙarfi kawai yake faɗa, ba ya faɗin fuska. Taurarin ɗan'adam uku na Swarm, waɗanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a Nuwamban 2013 don auna maganaɗisun duniyarmu, kowannensu yana ɗauke da nau'ukan biyu, ɗaya yana gyara wa ɗaya kuskure.

Hayaniyar kumbo

Babban abokin gaban magnetomita shi ne kumbon da ya ɗauko ta. Duk wayar da lantarki ke bi tana fitar da maganaɗisu. Batura, injinan da ke juya kumbo, makullan bututun mai, faifan sola, har ɗan nikel ɗin da ke ƙafar ƙananan kayan lantarki, kowanne yana da nasa. Idan aka ajiye kunnen a jikin kumbo, abin da zai ji shi ne kumbon, kamar mai son jin kukan tsuntsu ne ya zauna a gindin injin niƙa.

Maganin farko shi ne nisa. Maganaɗisun ƙaramin abu yana raguwa da sauri ƙwarai: idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin takwas, idan aka ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin dubu. Don haka ake ɗora kunnen a kan doguwar sanda da ke naɗe lokacin harbawa, ta miƙe bayan an isa sama. Ta Voyager, waɗanda suka tashi a 1977, mita 13 ce. Ta kumbon Galileo da ta kumbon Cassini mita 11 kowacce. Ta JUICE, kumbon Turai da ya kama hanyar Jupiter a Afrilun 2023, mita 10.6 ce. Sandar kanta jidali ce. Tana da nauyi, tana iya ƙin buɗewa, kuma zafin rana yana lanƙwasa ta, alhali karkatar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɓata lissafin fuska. A kan Juno an magance wannan ta hanyar ɗora kyamarorin kallon taurari, ƙirar Jami'ar Fasaha ta Denmark, a gefen kowane kunne, domin a san ainihin inda yake fuskanta a kowane lokaci.

Magani na biyu Norman Ness da abokan aikinsa na cibiyar Goddard ta NASA suka fito da shi a farkon shekarun 1970: a sa kunne biyu, ɗaya a tsakiyar sanda, ɗaya a ƙarshenta. Maganaɗisun duniyar da ake bincike iri ɗaya ne a wuraren biyu, na kumbo kuwa ya fi ƙarfi a kunnen da ke kusa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke tona rabon kumbo, sai a cire shi.

Na uku shi ne tsabta tun daga ɗakin ƙira. Ana murɗa wayar kai da ta komo wuri ɗaya domin maganaɗisunsu ya kashe juna. Ana zaɓen noti da kusa na taitaniyom ko alminiyom, ana hana sukudireba mai maganaɗisu kusantar kayan, ana auna kowane ɓangare kafin a ɗaura shi. Kumbon Mars Global Surveyor ba shi da sanda ta musamman. A ƙarshen fikafikan solarsa aka ɗora kunnuwan, bayan an tsara wayoyin faifan yadda za su yi shiru. Da wannan tsari Mario Acuña, injiniya haifaffen Ajantina, ya gano daga 1997 cewa duwatsun kudancin Mars suna riƙe da tsohon maganaɗisu, shaidar cewa duniyar ta taɓa samun nata kafin ya mutu shekaru kusan biliyan huɗu da suka wuce. Ko bayan an isa sama ba a gama ba: lokaci zuwa lokaci akan umarci kumbo ya yi juyi a kan kansa, domin abin da ya juya tare da shi nasa ne ko kuskuren na'ura, abin da ya tsaya kuwa na sarari ne.

Amfanin duk wannan wahala ya bayyana a 2005. Da Cassini ya wuce Enceladus, wani ƙaramin watan Saturn mai faɗin kilomita 500 kacal, a watan Fabrairu da na Maris, magnetomitarsa ta nuna layukan maganaɗisun Saturn suna ɗan kaucewa, kamar ruwan rafi da ya ci karo da wani abu da ba a gani. Shugabar masu kula da na'urar, Michele Dougherty ta kwalejin Imperial da ke Landan, ta roƙi masu tuƙin kumbon su sauko da shi ƙasa sosai a wucewa ta gaba. Ranar 14 ga Yuli ya ratsa a tazarar kilomita 173, aka kuwa tabbatar da tururin ruwa yana fita daga ƙuryar kudancin watan. Da ba a amince da tsabtar na'urar ba, da an ɗauki wannan ɗan kaucewa a matsayin hayaniyar kumbo an share shi.

Matsin ƙanƙancewa

A 1999 Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, malaman jami'a a jihar Kalifoniya, suka tsara ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna CubeSat, akwati mai santimita 10 ta kowane gefe. Uku a haɗe ba su fi burodi babba ba. Arhar irin waɗannan ta buɗe wata ƙofa da masana suka daɗe suna nema. Kumbo ɗaya idan ya ga maganaɗisu ya sauya, ba zai iya bambancewa ba ko lokaci ne ya kawo sauyin ko shi ne ya shiga sabon wuri. Goma ko ashirin da ke awo a lokaci guda a wurare dabam-dabam za su raba gardamar. Haka kuma ƙananan na'urori masu sauka, irin su Philae da ta dira kan tauraro mai wutsiya 67P a 2014, da MASCOT mai nauyin kilo 10 da ta sauka kan dutsen Ryugu a 2018, ba su da wurin kaya mai nauyi. Dukansu sun ɗauki ƙananan fulaksget, dukansu kuma sun tarar babu maganaɗisun a zo a gani a inda suka sauka.

Amma ƙanƙancewa tana ƙwace wa injiniya makamansa ɗaya bayan ɗaya. Akwati mai girman burodi ba zai ɗauki sandar mita goma ba. In an samu mita ɗaya an gode. Batir da injinan juyi suna dab da kunnen. Ƙaramin tauraro yana shiga inuwa yana fita cikin mintuna, zafinsa yana hawa yana sauka, sifili yana bin sa. Zoben kansa idan aka rage shi, hayaniyarsa ta ciki ƙaruwa take yi, domin ƙarfen da ke jin maganaɗisun ya ragu. Rage girman na'ura abu ne mai sauƙi. Rage ta ba tare da ta fara ƙarya ba shi ne aikin.

Hanyoyin da ake bi sun rabu. Wasu sun riƙe fulaksget suna matse shi, kamar yadda aka yi a Jami'ar Alberta ta Kanada da tauraron Ex-Alta 1 na 2017, inda aka mayar da yawancin aikin da tarin kayan lantarki ke yi a da zuwa lissafin kwamfuta a cikin guntu ɗaya. Wasu sun koma ga 'yan uwan na'urar wayar hannu, wato siririn shafen ƙarfe wanda yadda yake barin lantarki ya wuce ke sauyawa idan maganaɗisu ya taɓa shi. Kwalejin Imperial ta ƙera irin wannan, mai suna MAGIC, ta ɗora a kan tauraron CINEMA a 2012. Nauyin kunnensa 'yan giram ne, amma bai kai fulaksget tsabtar ji ba, kuma zafi ya fi ruɗa shi. Wasu kuma, kamar ƙungiyar Mark Moldwin a Jami'ar Michigan, sun ce a bar sandar gaba ɗaya: a baza ƙananan kunnuwa masu arha a jikin tauraron, kowanne ya ji hayaniyar ta fuskarsa, sannan kwamfuta ta tace muryar da dukansu suka ji iri ɗaya. Dabarar Ness ce aka faɗaɗa, kuma tana da kyau matuƙa ga awon da ba ya bukatar kaifi na ƙarshe.

Akwai kuma waɗanda ke neman kawo amincin ƙwayar zarra cikin dutse. A cikin lu'ulu'un da aka ƙera a ɗakin gwaji, akan dasa ƙwayar naitirojin kusa da wani gurbi da babu kowa. Idan aka haska wurin da koren haske sai ya mayar da ja, kuma hasken jan yana dusashewa a wani mataki da ya dogara ga maganaɗisu. Da yake gurabun suna jere ta fuskoki huɗu a cikin lu'ulu'un, ƙwaya ɗaya tana iya ba da ƙarfi da fuska tare. Cibiyar JPL ta NASA tana gwada makamancin wannan da sinadarin silikon kabaid, wanda ke jure zafi da tiririn nukiliya, kuma lantarki kawai yake bukata ba haske ba. Waɗannan suna matakin gwaji ne, kuma mai shirya tafiyar shekara goma ba ya saurin sakin abin da aka jarraba tun 1958.

Jarrabawar Europa

Inda aka fi matsa wa na'urar lamba shi ne kewayen Jupiter. Maganaɗisun wannan duniya ya karkace da kusan digiri 10, yana kuma juyawa da ita cikin kimanin awa goma, don haka Europa tana jin sa yana kaɗawa duk bayan awa 11. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, kuma idan maganaɗisu mai kaɗawa ya ratsa shi, sai ya mayar da martani da nasa. Wannan martani Margaret Kivelson da tawagarta suka gano a bayanan kumbon Galileo, suka bayyana a shekarar 2000 cewa teku mai gishiri ne ya fi dacewa ya haifar da shi. Ita ce kuma a 1996 ta gano cewa Ganymede, wani watan Jupiter, yana da maganaɗisu nasa, wata ɗaya tilo da aka san yana da shi.

Sanin zurfin tekun, da kaurin ƙanƙarar da ta rufe shi, da yawan gishirinsa, yana bukatar awon da kuskurensa bai wuce nanotesla ɗaya ko biyu ba, a wurin da maganaɗisun Jupiter ya kai ɗaruruwa, tsawon shekaru, cikin tiririn da ke kashe kayan lantarki. Ana ɓoye ƙwaƙwalwar na'urar a cikin akwatin ƙarfe mai kauri a jikin kumbo, kunnen kuwa dole ya zauna a waje cikin sanyi da tiriri, da ɗan abin ɗumama shi wanda shi ma sai an tabbatar ba ya fitar da maganaɗisu. A shirin Europa Clipper an fara da tsari mai haɗa fulaksget da na hiliyom, amma a 2019 NASA ta soke shi saboda kuɗinsa ya zarce ƙima, ta maye gurbinsa da fulaksget uku a jere a kan sanda mai mita 8.5, waɗanda za a riƙa daidaita sifilinsu ta hanyar juya kumbon. Kumbon ya tashi ranar 14 ga Oktoban 2024, ana sa ran ya isa a 2030 ya wuce Europa kusan sau hamsin. JUICE kuwa ta tafi da fulaksget biyu da na rubidiyom ɗaya da aka ƙera a birnin Graz na Ostiriya. Za ta isa Jupiter a 2031, daga baya ta shiga kewaya Ganymede, inda sai an warware maganaɗisu uku da suka cakuɗe: na Jupiter, na cikin watan, da na tekun da ake kyautata zaton yana ƙarƙashin ƙanƙararsa.